Takardar maganina ta riga ni tsallaka teku

Ranar wata Asabar a farkon Janairun 2023 na sauko daga jirgin ruwa a Talin, iska ta mare ni a fuska, na kai hannu aljihun rigar sanyi na ji wayam. Inhelata tana can gidana a Vantaa, kusa da Helsinki, a kan teburin kicin, inda na ajiye ta da asuba ina ɗaure takalmi. Duk mai fama da asma ya san wannan faɗuwar gaban. Ƙirjin bai ma fara komai ba tukuna, amma sanin cewa ba ka da abin shaƙa a jikinka kaɗai ya isa ya sa numfashi ya fara yin sama-sama.

Ni direban bas ne a Helsinki, ɗan Katsina, na haura shekara 10 a Finlan. A wancan lokacin uwargida tana karatun digiri na biyu a wata jami'a a Talin, babban birnin Estoniya, don haka kusan duk sati biyu nakan shiga jirgi in je. Tsakanin biranen biyu kilomita 80 ne na ruwa, tafiyar awa biyu. Babu layin buga hatimi a fasfo, kuɗin ma Yuro ne nan da can. Mutum sai ya manta ya sauya ƙasa, har ranar da ya buƙaci wani abu da ke hannun hukuma. Shekara biyu na yi ina wannan zirga-zirga, na kuma ɗanɗana tsarin da ake ta yabo, wanda ke sa kwamfutocin gwamnatin wata ƙasa su yi magana da na wata. Sau huɗu na sayi magani da shi. Ga abin da idona ya gani.

Da a gida ne, da na leƙa kyamis ɗin bakin layi na ce a ba ni, a miƙo, ba tambaya. Nan kuwa salbutamol, maganin da ke cikin inhelar, ba ya fita sai da rubutun likita, ko da kana haki a gaban kanta. Rubutun kuma ba a takarda yake ba. Tun farkon 2017 likitocin Finlan suka koma rubuta magani a kwamfuta, ya tafi wani rumbun bayanai na ƙasa da ake kira Kanta, wanda Kela, hukumar inshorar jama'a ta Finlan, ke kula da shi. Ka shiga kowane kantin magani a ƙasar, ka nuna kati, su gani. To ni ga ni a wata ƙasar, ba ko ƙyallen takarda a hannuna.

Uwargida ta tarye ni a bakin tasha, ta ga ina ta laluben aljihu. Ta ce, "Malam, ka baro ta ko?" Ban amsa ba. Ta ce, "Mu je apteek. Na taɓa ganin sanarwa a ƙofarsu, suna karɓar ta Finlan."

Kantin maganin, wato apteek a harshensu, yana cikin wata babbar kasuwar zamani kusa da tashar jirgin. Matar da ke bayan kanta za ta yi shekara 55, tabaronta na rataye a wuya da siririyar sarƙa. Ina fara kame-kame sai ta juya harshe zuwa Finlanci, tiryan-tiryan. Dattawan Talin da yawa haka suke, sun koyi harshen ne daga talabijin ɗin Finlan da suke kamawa a zamanin Tarayyar Sobiyat. Ta karɓi katin shaidata, ta zaɓi ƙasa, ta buga lambata, ta jira. Ta sake bugawa. Sannan ta ɗago kai ta ce, "Ba ka ba da izini ba."

Laifina ne, ba na kowa ba. Finlan ba ta sakin bayanin lafiyar mutum zuwa wata ƙasa sai shi da kansa ya shiga shafinsa na OmaKanta ya amince. Na sha ganin wurin, ban taɓa buɗe shi ba. Na koma gefe kusa da kantar man shafawa, na cire safar hannu da haƙori, yatsuna sun sandare har wayar ta ƙi gane su. Uwargida ta karɓa ta riƙe min, ni kuma na shiga da manhajar bankina, na karanta bayanin da gudu, na danna amincewa. Na koma layi a bayan wani tsoho mai sayen maganin tari. Da aka zo kaina matar ta sake buga lambar, sai ta juyo min da fuskar kwamfutar. Ga su nan a jere: inhelar gaggawa, inhelar da nake shaƙa safe da yamma, kowace da ƙarfinta da adadin da ya rage min, duka a harshen Estoniya. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Likitar da ta rubuta wannan tana can wani ƙaramin asibitin unguwa a ƙetaren teku, ba ta ma san na yi tafiya ba.

Abu ɗaya ne bai fassaru ba, wato layin da likita ta rubuta yadda ake amfani da maganin. Shi ya zo da Finlancinsa kamar yadda ta buga shi. Matar ta karanta ta gane, amma ta ce da ƙaramar abokiyar aikinta ce da sai an tambaye ni. Ta tambaye ni duk da haka: "Ka san yadda ake shaƙa?" Na ce shekara 20 ke nan muna tare da ita. Ta miƙo kwali mai rubutun Estoniya, na biya abin da bai kai Yuro 10 ba, na ɓare shi tun kafin mu fita ƙofa. Daga shigarmu zuwa fitarmu minti 15, kuma 10 daga ciki sakacina ne ya cinye su. Da dare na sake buɗe OmaKanta, na tarar an riga an rage kwali ɗaya daga lissafina, an rubuta cewa a waje aka saya. Saƙon ya je ya dawo kafin in gama shan shayi. An ce zuwa da kai ya fi aike, amma ranar aiken ne ya fi ni sauri.

Wannan hanya an buɗe ta ne a Janairun 2019, kuma Finlan da Estoniya ne suka fara a duk Tarayyar Turai. Da farko gefe ɗaya take aiki, takardun Finlan a kantunan Estoniya. A Yunin 2020 aka buɗe ɗaya gefen. Kuroshiya da Fotugal na cikin waɗanda suka biyo baya, wasu ma sun shigo daga baya, amma har yanzu ba ko'ina ba ne.

Na daɗe ina yawo da wani kuskure, har ina koya wa mutane. Duk wanda ya ji labarin sai in ce masa ai X-Road ne, wannan shahararriyar hanyar bayanai ta Estoniya. Wata Juma'a bayan masallaci muna cin shinkafa a gidan wani ƙanenmu ɗan Damagaram da ke aikin kwamfuta a Espoo, kusa da Helsinki, na sake maimaitawa. Ya ajiye cokali ya ce, "Yaya, ba ta nan maganinka ya bi ba fa." Ya jawo takardar goge hannu ya fara zane.

X-Road, in ji shi, Estoniya ta fara ta a 2001. Dabararta ita ce ba a tara bayanan kowa a rumbu ɗaya. Hukumar haraji na riƙe da nata, rajistar jama'a na riƙe da nata, a ƙofar kowace kuma akwai wata na'ura mai aikin maigadi: ta tantance mai tambaya, ta kulle saƙo, ta sa hannu, ta rubuta lokaci. A Disamban 2013 firaministocin ƙasashen biyu, Andrus Ansip da Jyrki Katainen, suka sa hannu ta kwamfuta kan yarjejeniyar yin aiki tare a kanta. A 2017 suka kafa cibiya ta haɗin gwiwa mai suna NIIS don kula da manhajar, a Fabrairun 2018 kuma aka haɗa hanyoyin ƙasashen biyu. Ta nan rajistar kamfanoni da rajistar jama'a ke musayar bayani. Magani kuwa wata hanyar yake bi, ta Tarayyar Turai, mai suna MyHealth@EU. Kowace ƙasa tana da ƙofa guda: Kela a Finlan, TEHIK a Estoniya. Kantin Talin ya tambayi ƙofar ƙasarsa, ita ta tambayi ta Finlan, ta Finlan ta ɗauko daga Kanta, ta mayar da sunan sinadarin da ƙarfinsa da nau'insa zuwa lambobin da kowa ya yarda da su, can kuma a mayar da lambobin zuwa harshensu. Abin da ba shi da lamba, kamar layin da likita ta rubuta da kalmominta, sai ya wuce yadda yake.

Na ce to ai abu ne mai sauƙi. Ya yi dariya. Ya ce dokar Turai da ta ba marasa lafiya wannan haƙƙi tun 2011 aka yi ta, kwalin magani na farko bai fita ta wannan hanyar ba sai 2019. Shekara 8, kuma ba jan waya ba ne ya ci su. Zaman sasantawa ne: maganin da ake sayarwa da suna kaza a nan, can wane suna yake da shi? Kwali mai ƙwaya 30 a nan, can mai 28 ne, yaya za a lissafa ragowar? In an ba mutum wanda ba shi ba, wa za a kama? Tun daga ranar na daina kallon abin a matsayin gwanintar na'ura. Haƙurin mutanen da suka zauna suka yarda da juna a kan girman kwali nake gani.

Yanzu bari in zo inda takalmin ya matse ni, wato kuɗi.

A Finlan in ka je kantin magani da katin Kela, a nan take ake cire maka rangwame, ka biya ragowar. Rangwamen yau da kullum kashi 40 cikin 100 ne. Mai asma da aka tabbatar masa da haƙƙi na musamman, irina, kashi 65. Sai dai kowace shekara akwai wani kaso na farko da mutum zai fara biya da kansa kafin rangwamen ya soma, Yuro 50 a wancan lokacin, an mayar da shi 70 a 2025. A Talin babu ko ɗaya daga cikin wannan. Kwamfutar ta san sunana, ta san cutata, ta san kwali nawa ya rage min, amma ba ta san akwai mai biya min ba. Ranar inhelar gaggawa ban damu ba, kuɗin kaɗan ne. Wani lokaci kuwa, da na tsaya kwana biyar wajen uwargida inhelar kullum ta ƙare, sai da na zaro kuɗinta cif, sama da Yuro 40, kamar baƙon da ya faɗo daga sama.

Ana mayar maka, ba a hana ka ba. Amma sai ka koma gida ka cike fom mai lamba SV 128, ka haɗa da rasit, ka aika cikin wata 6 da biyan kuɗin, a duba ko maganin yana da takwara a jerin waɗanda Finlan ke biya, sannan a lissafa bisa ƙa'idar Finlan. Nawa ya shigo asusu bayan 'yan makonni, babu gardama. Rasit ɗin ne ya kusa ba ni kunya: irin takardar nan ce mai santsi da rubutunta ke gogewa, na bar ta a aljihun wando kusa da hita, da na zaro ta sai da na kai ta jikin taga kafin in ga adadin. Tun daga nan nake ɗaukar hoton kowane rasit a gaban kanta. Haka dokar take, ba wani ma'aikaci ne ya yi son ransa ba. Amma ina tunanin dattijon da ke rayuwa da ɗan fansho, maganinsa na Yuro ɗaruruwa ne, aka ce masa ya fara biya tukuna. A wurinsa wannan hanyar ado ce kawai. Bayanin ya tsallaka teku cikin daƙiƙa, kuɗin kuma ya tsaya jiran fom. Ko katin inshorar lafiya na Turai, shuɗin nan da muke yawo da shi a walat, roba ce zalla, ana karanta shi da ido a kwafe lambar da hannu.

Ba kowane magani ne ke bin hanyar ba. Masu sa maye da masu taɓa ƙwaƙwalwa, irin magungunan barci da masu kashe zafin ciwo masu ƙarfi, ba a ba da su a waje ta wannan tsarin. Haka wanda sai an haɗa shi a cikin kantin. Na gano haka ne lokacin da bayana ya riƙe, ciwon direbobi, aka rubuta min wani mai kodin a ciki. A Talin aka ce wannan sai na koma. Daren nan na kwana a ƙasa da filo a ƙarƙashin gwiwa ina tsaki. Da gari ya waye hankali ya dawo, na ga gaskiyarsu. Wanda ya ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa samarin unguwanninmu, har sai da Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, ba zai nemi a buɗe wa irin wannan ƙofa tsakanin ƙasashe ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne maganar wane ne kai. A Finlan kowa yana da lambar da ake kira hetu: ranar haihuwarka, alama ɗaya, sai lambobi uku da alamar tantancewa ɗaya. A Estoniya isikukood ce, lambobi 11, ta farkon tana nuna jinsi da ƙarnin da aka haife ka. Uwargida tana da duka biyun, don tana da katin zama na Estoniya mai ɗan guntun ƙarfe a jiki, wanda ake sa hannu da shi a kwamfuta. Akwai dokar Turai ta 2014, eIDAS, wadda tun Satumban 2018 ta wajabta wa ƙasashe su karɓi shaidar intanet ta junansu, matuƙar ƙasar da ta ba da shaidar ta gabatar da ita an tantance. Shi ya sa a Suomi.fi, shafin shiga hidimomin gwamnatin Finlan, za ka ga wani ɓangare mai tutocin ƙasashe.

Wata rana wayarta ta lalace, manhajar bankinta ta tafi da ita, ga wata takarda da take son dubawa a wani shafin hukuma a Finlan. Ta ce bari ta gwada da katin Estoniya. Ta zura shi a na'urar karantawa, ta danna tutar, ta buga lambar sirri, ƙofa ta buɗe. Muka yi murna. Da ta shiga sai ta tarar da ɗaki fayau. An san sunanta da ranar haihuwarta, an yarda ita ɗin mutum ce ta gaskiya, amma ba a san ita ce matar nan mai hetu da ta shekara bakwai a Vantaa ba. Shaidar da ta zo daga waje ba ta ɗauke da lambar gida, kuma babu abin da ya ɗaure biyun. Ta kalle ni ta ce, "Malam, ashe kishiya gare ni ban sani ba, kuma ni ce." Ƙanen namu na Espoo ya ce wannan ita ce babbar matsalar da ake ta fama da ita a duk Turai, gane cewa mai lamba kaza a can shi ne mai lamba kaza a nan, ba tare da an haɗa mutum da wani mai irin sunansa ba. Mu da rabin unguwa ke amsa suna ɗaya, wasu kuma an rubuta musu 1 ga Janairu a fasfo, mun fi kowa sanin haɗarin.

Ni nawa ya fi nata ban haushi, don ko ƙofar ban samu ba. Yawancin mutanen Finlan da lambobin banki suke shiga shafukan gwamnati, ni ma haka. Waɗannan a cikin gida kawai suke aiki. A 2023 da na buɗe wani shafi a Estoniya na duba jerin tutocin, ban ga ta Finlan ba.

Abin da ya kai ni shafin kuwa abin kunya ne ga mai sana'ata. Mun je da mota a jirgi, muka kama hanyar Tartu, hira ta yi daɗi, ƙafa ta yi nauyi, kyamara ta ƙyafta. Ban ba kowa adireshi ba, ban cike fom ba, ban danna wani izini ba. Bayan ɗan lokaci sai ga wasiƙa a akwatina a Vantaa, da sunana daidai, da lambar motata, da wurin da abin ya faru, da lambar asusun da zan tura kuɗi. Akwai dokar Turai ta 2015 da ta ba ƙasashe damar tambayar juna mai mota kaza in an yi laifin hanya, ta wani tsari da ake kira EUCARIS. A duk hidimomin da na gwada, wannan ce ba ta nemi komai daga gare ni ba, ba ta ɓata ba, ba ta ɗauke ni wani mutum daban ba. In hukuma ce ke bin ka bashi, ta san gidanku ko da a bayan teku yake. Na biya ta banki cikin minti biyu, na ɓoye wasiƙar kada abokan aiki su ji.

Takardar aure kuwa da ƙafa ta tsallaka. Wani ofishi a Talin ya buƙaci shaidar cewa uwargida matar aure ce. Aurenmu yana cikin rajistar Finlan tun tuni, bayan doguwar wahalar buga wa takardar gida hatimi a Abuja. Na ɗauka tunda rajistocin biyu suna magana, za su tambayi juna. Ashe musayar tasu ta fi shafar 'yan ƙasashen biyu da ke zaune a wajen juna, mu kuwa fasfonmu kore ne. Na nemi a fitar min da takarda daga rajistar Finlan, na biya, na jira ta a akwatin wasiƙa, na sa ta a jaka na hau jirgi. Sauƙin da na samu ɗaya ne: tun Fabrairun 2019 irin waɗannan takardu ba sa buƙatar ƙarin hatimin tantancewa tsakanin ƙasashen Tarayyar, kuma ana haɗa maka da wani fom mai harsuna da yawa da ke raba ka da kuɗin tafinta.

Wanda ya yi aiki sumul tun ranar farko shi ne takardar rigakafin korona. Tsarin ya fara aiki 1 ga Yulin 2021, kuma lambar QR ɗin da na sauke daga OmaKanta ita ake haskawa a ƙofar gidan abinci a Talin, ta yi kore, in wuce. Har Togo da Binin sun shiga tsarin kafin a rufe shi a 2023. Cikin 'yan watanni aka gina shi. Da wuta ta kama gemun kowa, ba a jira shekara 8 ba.

To, zan ce wani ya dogara da shi? Ta fuskar magani, ƙwarai. Sau huɗu na je, sau huɗu na fito da kwali a hannu, ban da ranar kodin da dama ba ya cikin lissafi. In kana zaune a Finlan kana leƙa Estoniya, shiga OmaKanta yau ka danna izinin nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Riƙe katin shaida mai hoto, ka san yadda kake shan maganinka da ka, ka tanadi cikakken kuɗinsa, ka ɗauki hoton rasit. In kuma wata ƙasar za ka da ba ta cikin tsarin, likita na iya buga maka takarda ta musamman ta saye a waje. Ta fuskar shiga shafukan hukuma da shaidar wata ƙasa, kada ka ɗora tafiyarka a kai sai ka gwada tun kana gida. An yi alkawura: kowace ƙasar Tarayyar ta samar da jakar shaida ta waya kafin ƙarshen 2026, sabuwar dokar bayanan lafiya da ta fara aiki a Maris 2025 kuma ta ce zuwa Maris 2029 takardar magani ta riƙa tsallakawa ko'ina. Allah ya nuna mana. Ni dai na ga yadda 2011 ta zama 2019.

A Yunin 2023 Hajiyata ta zo bikin kammala karatun surukarta, da bizar wata uku. Ta zo da wata baƙar leda da ba ta yarda a sa a babban akwati ba. A ciki akwai katin asibitinta na Katsina, da tsofaffin takardun gwaji tun na shekara shida, da kwalayen maganin hawan jini da ta yanke fuskokinsu ta ɗaure da ƙyauro. Irin ledar da ƙanwarta ke riƙowa daga Maraɗi in za ta zo ganin likita, ta bi ta Jibiya da ita a cinya. Na yi mata dariya na ce, "Hajiya, nan ai ba a yawo da wannan, komai yana cikin kwamfuta." Ta ce, "To, Allah ya kyauta."

Maganin ya kusa ƙarewa kafin bikin. Na kai ta wurin wata likita mai zaman kanta a Vantaa. Abu na farko da aka tambaya a teburin karɓar baƙi shi ne hetu. Ba ta da ita, baƙuwa ce. Aka rubuta ranar haihuwarta. Likitar ta buɗe kwamfuta, babu komai a kan Hajiya, ko layi ɗaya. Sai Hajiya ta kwance ledar a nutse, ta jera fuskokin kwalayen a kan tebur bi da bi, na safe daban na dare daban, ta tura takardar gwajin ƙoda ta ƙarshe gaban likitar. Likitar ta ɗauki kowanne tana dubawa tana gyaɗa kai, ta rubuta amlodipine da ɗan uwansa. Na tambaye ta ko za mu iya saye a Talin in ya yanke mana a can. Ta ce hanyar nan da lamba take aiki, wanda ba shi da lamba babu abin da za a kira. Ta buga mana takarda, ta sa hannu da biro.

Muka sayi na wata biyu a kantin ƙasan benen kafin mu bar wurin. A cikin jirgi washegari Hajiya ta zauna kusa da taga tana kallon ruwa tana jan carbi. Ta ninke takardar likitar gida huɗu, ta tura ta cikin ledar tare da sauran, ta ƙulle bakin, ta ɗora a cinya. Can ta juyo ta ce, "Kai kuma, ka ɗauko abin shaƙar taka?" Na taɓa aljihu. Tana nan.